Yaron da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Sunansa: Larurar Otizim a Ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru, daga cikin gari har Dabai, Ribah, Mahuta da Dirin Daji, akan samu gidan da yaro ya cika shekara 3 bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, in an kira shi kamar bai ji ba. Wasu su ce kurma ne, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce ɗan ruwa ne. Sau da yawa abin da ke damun yaron shi ne larurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, kuma yana somawa tun yana ciki. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Ƙiyasin shekarar 2021 ya nuna mutum 1 cikin 127 a duniya yana da shi, kuma an fi gano shi a yara maza. Gado shi ne babban dalili. Haihuwar bakwaini, wahalar naƙudar da ta hana jariri numfashi da wuri, ciwon suga lokacin goyon ciki da shan maganin farfaɗiya mai suna balfuro'et suna iya ƙara haɗarin. Shi ya sa muke nacewa a kan zuwa awo da haihuwa a asibiti. Mai shan maganin farfaɗiya kuwa, kada ta daina da kanta; ta ga likita ya canza mata, in da hali tun kafin ta ɗauki ciki.

Allurar rigakafi ba ta jawo shi. Binciken da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila a 1998 an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Ƙyanda kuwa har yanzu tana kashe yara.

Ga abin da za ki lura da shi, 'yar'uwa. Ya shekara 1 ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Ya kai wata 18 ba ya nuna miki abu da yatsa don ki gani. Ya shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. Ko kuma ya fara cewa "mama", sai maganar ta ɗauke. Wani yakan yi ta kaɗa hannu ko jera duwatsu, in an taɓa masa su ya fashe da kuka. A kai shi asibiti a fara da gwajin kunne, domin sanƙarau da ciwon kunne ma suna hana magana. Daga nan za a iya tura shi ga likitan yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Akwai maganar da nake yawan ji daga bakin kakanni, wai yaruka ne suka yi wa yaro yawa. A gidajen Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, yaro yana jin C'Lela a ɗaki, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta. Wannan ba ya kawo otizim, kuma babu dalilin hana shi harshen iyayensa. Ku yi masa magana da harshen da ya fi muku daɗi, gajeru-gajeru, kuna nuna masa abin a gabansa.

Mutanen Zuru sun san aikin haɗa hannu. Al'ummar da samarinta suka saba yin golmo, wato noman shekaru a gonar surukai tare da sa'o'insu, bai kamata ta bar mace ɗaya da wannan ɗawainiya ba. Amma a ganina nan aka fi gazawa: a ɗora wa uwa laifi, a ɓoye yaro a ɗaki in baƙi sun zo, wani lokaci har aure ya mutu. Maigida, ba laifin matarka ba ne. Iya, ki karɓe shi ko na awa 1 ne ta runtsa.

Lokacin bikin Uhola bayan girbi, ko taron suna, ko coci da masallacin idi, ƙarar ganga da lasifika tana iya yi wa irin wannan yaro zafi a kunne. In ya toshe kunne yana ihu, ba rashin kunya ba ne, a janye shi wuri mai shiru. Duka da ɗauri ba sa ƙara masa komai sai tsoro. Wasu daga cikinsu suna da yawan fita ba tare da sanin haɗari ba, don haka a rufe rijiya, a sanar da maƙwabta, musamman iyalan da matsalar tsaro ta taso daga ƙauyukansu suka sauka a unguwar da ba a san su ba.

Babu maganin da ke warkar da otizim, na asibiti ko na gargajiya, saboda haka kada a sayar da akuya ko hatsi don wanda ya yi wannan alkawari. Horo tun da wuri shi ke taimakawa: koyon magana, cin abinci, wanka da zaman makaranta. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin neman ilimi. Ranar awo mai zuwa, ki zo da babban yaronki in kina da shakku a kansa, tare da katinsa na rigakafi.