Duwatsun Birnin Kudu: Tarihin da ke bakin ƙofar Kano amma ba a waiwayarsa

Mutumin Gama da ya hau mota da safe zai isa Birnin Kudu kafin azahar, amma kaɗan ne cikin matasan unguwar suka san abin da ke jikin duwatsun garin, wanda yake cikin tsohuwar Jihar Kano kafin a cire Jigawa a 1991.

A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu suka bari. Abin mamaki, shanun ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo a yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna daɗewar zanen. Kusa da shi akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, har wajen bugun ya lotsa. Baturen Ingila Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956, daga baya gwamnati ta sanya wuraren cikin kayan tarihin ƙasa.

Sai dai takarda ba ta gadin dutse. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da alhakin kula da su, amma a ƙasar da ake fasa dutse ana sayar da tsakuwa tifa-tifa, mai guduma bai cika tambayar shekarun abin da ke gabansa ba.

Darasin yana Kuros Riba. Can a yankin Ikom akwai duwatsu kusan 300 da aka sassaƙa da fuskokin mutane aka kafa su a tsaye. Ƙunar daji ta tsattsaga wasu, ɓarayi sun sare kan wasu, har aka gano saman ɗaya a wani gidan tarihi a Amurka, gindinsa kuwa yana nan a gona.

A 2007 Najeriya ta miƙa wa UNESCO sunan duwatsun Ikom tare da badalar Kano da Dutsen Dala. Har yau suna jerin jira, Sukur da kurmin Osun ne kawai suka samu shiga. Badalar kuwa, duk wanda ya bi ta Ƙofar Na'isa ya ga abin da ya rage.