SA WA BABUR SABUWAR SALANSA A GIDA

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane mai babur ya koyi lissafi. Kuɗin mai ya tashi, kuɗin kayan gyara ya bi shi. Saboda haka idan salansa ta huje, mutane da yawa ba su neman ta ainihi, watau irin wadda babur ya zo da ita daga kamfani. Sai su sayi mai araha a kasuwa, su ɗaura da kansu a ƙofar gida. Ba mu ga laifin wannan ba. Aikin ba ya da wuya, manomin da ya iya gyara garmar shanu zai iya shi. Amma akwai wurare biyu ko uku inda gaggawa takan jawo hasarar da ta fi kuɗin salansar nesa. Babur kuwa a ƙauye shi ne mai kai hatsi kasuwa, shi ne mai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Idan ya kwanta mako biyu a wurin bakanike, dukan gida ne zai ji a jika.

Aikin salansa

Mutane suna tsammani salansa bututu ne kawai na fitar da hayaƙi. Ba haka ba ne. Ita sashen inji ce. Tsawonta, da fāɗin bakinta, da 'yan shingayen ƙarfe da ke cikinta, duk an auna su ne bisa ga girman injin da kuma yawan man da kafireta ke ba shi. Shingayen nan su ne ke karya ƙarfin ƙara. Idan an canja salansa, an canja yadda inji ke numfashi ke nan.

Babura iri biyu ne a ƙauyukanmu. Akwai masu injin bugu huɗu, kamar Bajaj Boxer na Indiya, da Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a 1975, da 'yan Sin masu yawa da aka yi bisa fasalinsa. Waɗannan fetur zalla suke ƙonewa, baƙin mai yana zaune a ƙasan inji. Akwai kuma masu bugu biyu, irin su Suzuki A100 da Yamaha YB100 da Jincheng AX100, waɗanda ke ƙona fetur tare da mai, suna fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Salansar wannan ba ta yi wa wancan, ko da ramukan ƙusa sun yi daidai. A injin bugu biyu, hayaƙin da ya fita yakan bugi ƙarshen salansa, ƙarfinsa ya dawo baya, ya mai da sabon man da ke ƙoƙarin tserewa cikin silinda. Idan fasalin salansar ya bambanta, sai mai ya riƙa bin hayaƙi yana fita a banza, babur ya rasa ƙarfin hawan tudu.

Kafin mai injin bugu biyu ya kashe kuɗinsa, ya fara dubawa ko salansarsa ta lalace da gaske. Sau da yawa toshewa ce kawai. Mai da baƙin gawayi sukan taru a ciki har hanya ta ƙuntata. A yawancin irinsu akwai ɗan bututu mai huji-huji a ƙarshe wanda ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. A zare shi, a kankare, a wanke da kananzir, a mayar. Babur da yawa sun warke da wannan kaɗai.

Ta injin bugu huɗu kuwa, tsatsa ce ke cinye ta, daga ciki kuma take farawa. Dalili shi ne, duk lita 1 ta fetur da ta ƙone tana ba da ruwa wajen lita 1, yana fita kamar tururi. Idan tafiya gajeriya ce, daga gida zuwa rijiya, salansa ba ta yin zafin da zai kore shi, sai ya kwanta a ciki. Shi ya sa waɗansu salansoshi ke da ɗan ƙaramin rami a ƙasa. Wannan rami ba lalacewa ba ce. Kada a liƙe shi.

A kasuwa

Lalle a tafi da tsohuwar salansa, ko a tafi da babur ɗin kansa. Kada a dogara ga sunan da aka rubuta a kwali. Kayan babur suna shigowa daga ƙasashe dabam dabam, suna bi ta manyan kasuwanni kamar Nnewi a Jihar Anambra kafin su iso shagon garinmu, kuma masu kyau da marasa kyau tare suke tafiya. A ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe a ƙasa. A dubi lanƙwasar wuya, da fāɗin baki, da wurin kunnen da ake ɗaure ta a jikin babur. A ɗaga su a ji nauyi. Idan sabuwar ta fi tsohuwar sauƙi ƙwarai, ƙarfenta siriri ne, ko kuwa babu kome a cikinta. A girgiza ta. Idan wani abu yana kaɗawa a ciki, walda ta saki tun kafin a fara aiki da ita, sai a mayar wa mai shago.

Samari sukan so wadda babu shinge a cikinta domin ƙara. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba. Ƙara ba ƙarfi ba ce. A ƙaramin inji mai cc 100 ko 125, buɗaɗɗiyar salansa takan rage ƙarfin tashi da kaya, wanda shi ne abin da manomi ya fi bukata. Ban da haka, masana lafiyar kunne sun nuna ƙarar da ta kai awo 85 na desibel, idan mutum yana jinta awa 8 kowace rana, tana kashe ji a hankali, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ɗan acaɓa ya yi tunani a kan wannan. Ba mu ma yi zancen shanun huɗa da ke firgita a kan hanya ba.

Kada a baro kasuwa sai an sayi sabon zoben jan ƙarfe da ake sawa tsakanin bakin salansa da kan inji, wanda bakanikai ke kira gasket. Kuɗinsa kaɗan ne. An yi shi domin ya matse sau ɗaya ya rufe iska. Wanda ya riga ya matse ba ya sāke rufewa da kyau.

Kwancewa

Nan ne hatsarin yake. Ƙusoshi biyu masu zare suna fitowa daga kan inji, noti biyu kuma suna riƙe da bakin salansa a kansu. Ƙusoshin nan sirara ne, kaurinsu milimita 6 ko 8 ne kawai. Sun sha zafi da ruwan sama da laka shekara da shekaru, sun yi tsatsa. Kan injin da suke ciki kuwa na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi. Idan ƙusa ta karye a ciki, aikin gida ya ƙare. Sai mai walda ya liƙa noti a kan guntun ya murɗo shi, ko kuwa a sauke kan inji a kai birni a huda.

Saboda haka aikin yana farawa tun daren jiya. A ɗiga kananzir gauraye da ɗan baƙin mai a kan notocin, a bar su su kwana. Da safe a ƙara. Inji ya kasance da sanyi sarai. A kafa babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri, a shimfiɗa buhu a ƙasa domin kada noti ya ɓace cikin rairayi.

A yi amfani da sifana mai zobe wadda ta kama notin daidai, yawanci lamba 10 ko 12. Filaya da sifana mai buɗaɗɗen baki suna cinye kusurwar noti har ya zama ba a iya kama shi. Notocin gaba za a fara sassautawa, tun salansa tana ɗaure a baya, domin kada nauyinta ya rataya a kan ƙusoshin. Idan noti ya ƙi, kada a sa wa sifana bututu domin ƙarin ƙarfi, kada kuma a taka ta da ƙafa. A ɗan ɗaure shi kaɗan, sa'an nan a kwance kaɗan, gaba da baya, ana ɗiga kananzir, ana ɗan ƙwanƙwasa shi. Minti 30 da aka ɓata a nan ba hasara ba ce. Wani lokaci ƙusar takan fito gaba ɗaya tare da notin. Babu damuwa, za ta koma yadda ta fito. Idan ƙusar ta fara murɗewa da laushi kamar alewa, tana gab da karyewa ke nan. A tsaya nan, a kai wa bakanike.

Bayan an sauke tsohuwar, a leƙa ramin da ke kan inji. Tsohon gasket yana nan ciki, ya yi baƙi har ya yi kama da jikin inji, mutane da yawa ba su lura da shi. A zaƙulo shi a hankali da bakin sukuddireba, ba tare da an karce alminiyom ba. Gasket biyu a kan juna ba su riƙe iska.

Ɗaurawa

A shafa wa sabon gasket ɗan giris domin ya manne a raminsa kada ya fāɗo. A ɗora salansa, a sa notocin gaba da ƙusar baya duka da hannu, sako-sako, kada a ɗaure ko ɗaya tukuna. Yanzu ne za a san gaskiyar salansa mai araha, gama sau da yawa kunnen baya ba ya haɗuwa da raminsa, yakan kauce da kamar fāɗin yatsa. Kada a ja ta da ƙarfi a tilasta mata. Salansar da aka ɗaure a tanƙware tana jan ƙusoshin gaba dare da rana, kuma a hanya mai gargada ko wuyanta ya tsage ko ƙusa ta tsinke. Gara a fāɗaɗa ramin kunnen da zarto, ko a sa maƙeri ya yanko ɗan guntun ƙarfe mai rami biyu ya haɗa su. Waya ko igiyar roba ba madauri ba ne.

Idan kome ya zauna, a ɗaure notocin gaba bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, domin bakin ya zauna daidai a kan gasket. Ƙarfin hannu ɗaya a kan gajeriyar sifana ya isa. Sa'an nan a ɗaure na baya.

Kafin a tā da inji a gwada abubuwan da ke kusa. A taka birkin baya har ƙasa, a tabbata bai taɓa salansa ba, gama birkin da ya tokare ba ya kamawa. A gwada kik. A sauke babur daga ƙafarsa, mutum biyu su hau su danna, a ga ko wani abu yana gugar salansa sa'ad da aka yi lodi. Idan sabuwar ba ta zo da murfin kāre ƙafa ba, a cire na tsohuwar a sa mata. Yara da mata masu zama a baya su ne suka fi ƙonewa a ƙwauri. In hakan ta faru, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge baki, ko ƙwai. Idan ƙunar tana da girma ko zurfi, a tafi asibiti.

A goge mai da shaidar yatsu daga jikin salansa, in ba haka ba zafi zai gasa su su zama tabo. A tā da inji a fili. Kada a taɓa barin babur yana aiki cikin zaure ko ɗaki, ko da ƙofa tana buɗe, domin a cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum. Sabuwar salansa za ta yi ɗan hayaƙi da ƙauri na 'yan mintoci sa'ad da fenti ke gasuwa. Wannan ba kome.

A kawo tafin hannu kusa da mahaɗin gaba, ba tare da an taɓa ba. Idan ana jin iska tana bugowa, ko ana jin "cit-cit-cit", gasket bai zauna ba. Bayan tafiyar farko, idan inji ya huce, a sāke ɗan ɗaure notocin, gama zafi yakan sa gasket ya ƙara kwanciya.

Abin da fulogi zai faɗa

Aiki bai ƙare ba sai an tambayi inji ko ya yarda da baƙuwar. Idan sabuwar salansa ta fi tsohuwar sakin hayaƙi, inji zai iya jan iska fiye da dā, alhali kafireta tana ba da mai gwargwadon dā. Man ya yi kaɗan ke nan cikin iska. Mai babur yakan yi murna da farko, yana cewa babur ya rage shan mai. Amma irin wannan ƙuna tana da zafi fiye da kima. Tana ƙona bawul a injin bugu huɗu, a na bugu biyu kuwa tana iya huda fistan.

A yi tafiyar kamar kilomita 20 da gudu irin na kullum, a bar inji ya huce, a kwance fulogi a dubi farin tangaran da ke bakinsa. Idan ya yi ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Idan ya yi baƙi da gawayi, mai ya yi yawa, ko kuwa salansar ta matse hayaƙi. Idan ya yi fari fat, ga inji yana zafi, ga salansa tana tas-tas sa'ad da aka saki totur a gangara, mai ya yi kaɗan. A fara duba gasket, gama iskar da ke shiga ta mahaɗi ita ma tana kawo wannan tas-tas. In gasket lafiya yake, sai bakanike ya gyara kafireta, ko ya sa mata jet mai ɗan girma. Kada a ɗora wa babur buhunan masara a yi doguwar tafiya sai an yi wannan.

Tsohuwar salansa kuma kada a yi saurin sayar wa 'yan gwangwan. A rataye ta a rumfa wata ɗaya ko biyu. Idan hujin a jikinta yake, wuyanta kuwa da sauran ƙarfi, mai walda zai iya yi mata faci, a mai da ita in sabuwar ta ƙi zama.