Wahalar Raya Garin Da Hanya Ba Ta Kai Ba

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ke riƙe da gundumomi masu nisa da babban gari. Labari ne na yankin Nunavut da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Kanada. Ƙasar ƙanƙara ce, ba ta yi kama da ƙasar Hausa ba ko kaɗan. Amma abin da ya sami mutanenta wajen gidaje da ruwa da hanya abin lura ne ga duk wanda aka danƙa wa kula da zaman jama'a, gama ya nuna cewa tara mutane wuri ɗaya abu ne mai sauƙi, tanadar musu abin da zaman ke bukata shi ne aiki.

1. Ƙasar da Mutanenta

An ware Nunavut ya zama yanki mai Gwamnatin kansa ran 1 ga watan Afrilu, 1999. Faɗinsa ya fi na Nijeriya ninki biyu, amma ƙidayar 2021 ta sami mutum 36,858 kaɗai a cikinsa, suna zaune cikin garuruwa 25. Babban garin shi ne Iqaluit, wanda a ke kira Frobisher Bay kafin 1987. Babu hanyar mota ko ta jirgin ƙasa da ta haɗa wani gari da wani, ko ta haɗa su da kudancin Kanada.

Yawancin mutanen Inuit ne. A da ba su zama wuri ɗaya, sai su bi dabbobin farauta da kifi bisa ga lokacin shekara. Da sanyi su kan gina ɗaki da tubalin ƙanƙara ko da ƙasa da duwatsu, da zafi kuwa su kafa bukkar fata.

2. Yadda Garuruwan Suka Kafu

Cikin shekarun 1950 da 1960 Gwamnatin Kanada ta ja mutanen zuwa zama kusa da makarantu da ɗakunan magani da kantunan ciniki. Waɗansu sun zo da son ransu, waɗansu kuwa ɗauko su aka yi. A 1953 da 1955 aka kwashe iyalai daga Inukjuak da Pond Inlet zuwa Resolute da Grise Fiord, inda sanyi da duhu suka fi na inda suka saba. Sai a 2010 Gwamnati ta nemi gafara bisa wannan aiki.

Gidajen farko da aka kai musu ƙanana ne ƙwarai, ɗaki ɗaya tak, har mutane suka laƙaba musu suna akwatin ashana. Iyali duka a ciki su ke kwana, a ciki su ke dahuwa, a ciki su ke gyara naman farauta. Tun daga ran nan yawan mutane ya riga yawan gidaje, kuma har yau gidajen ba su cim musu ba.

3. Ƙasar da Ba Ta Son Zafi

Ƙarƙashin ƙasar yankin a daskare ya ke rani da damina. Saman kaɗai ke narkewa cikin 'yan watannin zafi. In aka aza gida mai ɗumi bisa ƙasa kai tsaye, zafinsa ya kan narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashi, ƙasa ta lotsa, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sabo da haka a kan haƙa ramuka masu zurfi a kafa ginshiƙan ƙarfe, sa'an nan a ɗora gidan bisa su, a bar sarari iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, kamar yadda a ke ɗaga rumbu bisa duwatsu don kada laima ta taɓa hatsi. Kuma da ya ke zafin duniya yana ƙaruwa, narkewar tana daɗa zurfi, tsofaffin ginshiƙai suna motsi, hanyoyin cikin gari suna lalacewa.

4. Jirgin Shekara

Yawancin yankin ba ya fid da itace. Katako da ƙarfe da siminti da man fetur duk daga kudu a ke kawo su cikin jiragen ruwa, kuma teku ba ta buɗewa sai kamar daga Yuli zuwa Oktoba. Wanda ke nufin gini sai ya lissafa kayansa duka, har ƙusa, watanni da dama kafin lokaci. In jirgi ya tashi an manta wani abu, ko dai a jira baɗi, ko a biya kuɗi mai yawa jirgin sama ya kawo. Sau da yawa kaya kan iso lokacin da sanyi ya kusa komowa, sai aikin ya kwana shekara. Ko Iqaluit ba ta sami matsayar manyan jiragen ruwa ba sai a 2023. Kafin nan cikin ƙananan jirage a ke sauke kaya a kai gaɓa. Wannan shi ya sa kuɗin gina gida ɗaya a can ya ke ninka na kudancin Kanada.

5. Ruwa da Wuta

Binne bututu cikin daskararriyar ƙasa aiki ne mai tsada, ga ruwan kuma yana iya daskarewa a ciki. Domin haka a yawancin garuruwan ko wane gida yana da tanki biyu, ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ƙazanta. Mota ta kan zo ta cika na farko, wata ta zo ta kwashe na biyu. In guguwar ƙanƙara ta hana mota fita, ko injinta ya lalace, gidan da ke cike da mutane ya kan kwana ba ruwa.

Ko inda a ke da famfo ba a tsira ba. A watan Oktoba na 1921 babu gari a wurin, amma a Oktoba na 2021 mutanen Iqaluit suka ji warin mai cikin ruwan famfo, aka hana shansa kusan wata biyu, har sojoji suka zo tace ruwan kogi. Da aka bincika, sai aka tarar da wani tsohon tankin mai binne kusa da matatar ruwa. Wutar lantarki kuma ko wane gari da injinsa mai shan man dizal, ba waya da ta haɗa shi da maƙwabcinsa. In injin ya tsaya cikin sanyi, babu mai ba shi aro.

6. Cunkoso da Cuta

Ƙidayar 2001 ta sami mutum 26,745, watau cikin shekara 20 an ƙaru da fiye da 10,000. Fiye da rabin jama'a cikin gidajen hayar Gwamnati su ke zaune, kuma ƙidayar 2016 ta nuna fiye da rabin Inuit na yankin suna cikin gidajen da suka yi musu kaɗan. Inda mutane suka cunkushe cikin ɗakin da a ke rufewa ruf don sanyi, laima ta kan kama bango, tarin fuka kuma ya sami wurin yaɗuwa. A 2018 Gwamnatin Kanada da shugabannin Inuit suka yi alkawarin kawar da cutar kafin ƙarshen 2030, a 2022 kuwa Gwamnatin yankin ta bayyana shirin gina gidaje 3,000 cikin wannan wa'adi. Amma gida ba ya tsayuwa sai an riga an yanka fili, an zuba tsakuwa, an fid da hanya da magudanar ruwa, kuma rashin irin waɗannan filaye yana daga cikin abin da ke jinkirta gini.

7. Abin Lura ga Hakimai

Gundumar da damina ke yanke wa hanya ita ma tana da lokacin jigila, kamar yadda Nunavut ke da watannin jirgi. Ya kamata hakimi da malaminsa su kiyaye abu huɗu.

Na ɗaya, kafin a yarda jama'a su tashi su koma sabon wuri, a tabbata an shawarce su, kuma ruwan wurin zai ishe su da dabbobinsu har ƙarshen bazara.

Na biyu, a yanka filaye da hanyoyi da magudanai kafin a aza tubali, kada a bar gini ya toshe hanyar ruwa.

Na uku, kayan aikin rijiya ko makaranta ko ɗakin magani a lissafa su tun kaka, a kai su da rani.

Na huɗu, malamin hakimi ya riƙa rubuta haihuwa da baƙin da suka zauna, ya gwada yawansu da yawan ɗakuna ko wace shekara, ya kai rahoto tun giɓin yana ƙarami.

Giɓin da aka bari a Nunavut tun shekarun 1950 jikoki ne ke ɗauke da nauyinsa yau. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane.