Daga ranar haihuwa zuwa tsufa: alluran riga-kafin da iyali ke buƙata a kowane gefen iyaka

A zangunan Kumasi da Kwatano, da unguwannin Hausawa na Garwa, Marwa da Njamena, ba baƙon abu ba ne mace ta ɗauki ciki a ƙasa ɗaya, ta tafi wankan jego gidan iyayenta a wata ƙasar, sannan ta dawo da jariri bayan arba'in. A cikin wannan kai-komo ne yara da dama ke tsallake alluran riga-kafi. Sau da yawa babu wanda ya ƙi allurar: dangin uba na zaton an yi a can, dangin uwa kuma na zaton za a yi idan ta koma ɗakinta.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne jadawalin ƙasashen yankin kusan ɗaya ne. Dukkansu sun samo asali daga shirin riga-kafi da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙaddamar a 1974, wanda ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke kira PEV. Saboda haka allurar da aka fara a Kano ko Maraɗi ana iya ci gaba da ita a Garwa ko Lome, muddin katin yaron na hannu.

Shekarar farko

Da zarar an haifi jariri, ana yi masa allurar BCG, wadda ke kare shi daga munanan nau'o'in tarin fuka, ita ce mai barin ɗan tabo a dantse. Ana kuma ɗiga masa maganin shan-inna a baki. A ƙasashen da suka shigar da ita jadawali, kamar Najeriya, ana ƙara allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ta fi amfani cikin awa 24 na farko domin tana tare cutar da uwa kan iya sa wa ɗanta wajen haihuwa.

Zuwa na biyu yana kamawa ne a mako 6, wato kwana biyu kacal bayan arba'in. Uwar da ta riƙe wannan ba za ta manta ba: an gama wanka, sai asibiti. Daga nan sai mako 10 da mako 14. A waɗannan zuwa uku ake yin allurar Penta, mai haɗe da kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, sarƙe-haƙora da likitoci ke kira tetanus, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar Hib mai jawo sanƙarau da limoniya. Tare da ita ake bayar da riga-kafin limoniya, da na gudawar rota, da na shan-inna na baki da na allura.

A wata 9 ake yin allurar ƙyanda da ta shawara. A nan ne iyaye da yawa ke ajiye kati suna cewa an gama, alhali akwai saura. Allurar ƙyanda ta biyu tana zuwa a shekara ta biyu: wata 15 a Najeriya, wata 18 a Ghana. Ƙyanda na da saurin yaɗuwa ƙwarai, sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allura biyu kafin a iya tare ta a gari.

Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro

Yawancin ƙasar Hausa na cikin yankin da sanƙarau ke addaba da rani, yankin da ya taso daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000, ta kashe kusan 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a ƙarshen 2010 ta kusan kawar da nau'in A, amma sauran nau'o'in na nan. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, Y da X.

Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro sabo ne. An gwada shi a Ghana, Kenya da Malawi tun 2019, kuma a watan Janairun 2024 Kamaru ta zama ta farko da ta shigar da shi jadawalin yau da kullum. A cikin shekarar Benin, Nijar, Chadi da Najeriya suka biyo baya, ko da yake an fara ne da wasu yankuna. Allura huɗu ce, ana somawa daga wata 5 ko 6. Tana rage tsananin cutar, amma ba ta ɗauke wa yaro kwana cikin gidan sauro ba.

'Yan mata da masu juna biyu

Ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 akwai allurar HPV, mai kariya daga ƙwayar da ke haddasa mafi yawan kansar bakin mahaifa. Kamaru ta fara a 2020, Najeriya a watan Oktoban 2023. A inda ake aurar da 'yan mata da wuri, jinkiri na da tsada, domin allurar ta fi aiki ne idan an yi ta kafin aure.

Mai juna biyu kuwa, allurar tetanus da mashaƙo ake yi mata wajen awo. Ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar kuma da tazarar shekara guda-guda. Wadda ta cika biyar ɗin ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta, jaririnta ma ya samu a makonnin farko, lokacin da cibiya ke ɗanye kuma cutar ke iya shiga ta reza ko tsumma marar tsabta.

Matafiya, maniyyata da masu rauni

Fatake da direbobi sun san katin shawara da ake tambaya a bakin iyaka. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma tun watan Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta daina neman a sabunta katin duk shekara 10. Katin na fara aiki kwana 10 bayan allurar. Wanda ya sayi kati a tasha ba tare da allura ba, takarda kawai ya saya: sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba hatimi.

Saudiyya na buƙatar kowane maniyyacin Hajji ya yi allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, aƙalla kwana 10 kafin isarsa. Dattawa, da masu ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, ya kamata su tambayi likita game da allurar mura da ta limoniya kafin shiga wannan cunkoso.

Yara masu sikila na cikin waɗanda suka fi buƙatar cikakken jadawali, domin cutar na lalata saifa, ita kuwa saifa ce ke tace ƙwayoyin limoniya da sanƙarau daga jini. Masu ɗauke da ƙwayar HIV, da waɗanda ke shan maganin kansa, su sanar da ma'aikacin lafiya halin da suke ciki, domin akwai alluran da ba a yi wa wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, ciki har da ta shawara. Ita ta shawara ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, mai ciki da wanda ya haura shekara 60 kuma sai likita ya duba tukuna.

Idan an tsallake

Yaron da ya tsallake allura ba a sake masa daga farko; daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da an yi watanni. Mura, ɗan tari ko gudawa marar tsanani ba sa hana allura. Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu da kumburin wurin abu ne da aka saba gani, amma idan yaro ya suma, ya yi jijjiga ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya asibiti.

An riga an ga abin da giɓi ke jawowa. Da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, ciki har da Kamaru, Chadi, Ghana da Sudan. Mashaƙon da ya ɓarke a Najeriya a ƙarshen 2022, ya fi ƙamari a Kano, ya kuma ɓulla a jihar Damagaram a 2023, ya fi cin yaran da ba su cika Penta ba.

A hukumance, alluran yara na jadawali kyauta ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen yankin. Abin da ya rage ga iyali shi ne su riƙe katin kamar takardar haihuwa: a sa shi cikin kayan mai jego idan za ta tafi, a ɗauki hotonsa a waya, a kuma nuna shi a asibiti mafi kusa da an sauka. Ko da Faransanci aka cika shi ko da Ingilishi, BCG da Penta sunansu ɗaya a Kano da Garwa.