Yadda Gishiri da Sukari Suke Ceto Rai

Shirinmu na yau ya nufi ƙasar Gobir, Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato, inda rashin tsaro ya tilasta wa dubban mutane barin ƙauyukansu suka cunkushe a cikin gari. Idan damina ta kankama, ruwa ya wanko ƙazanta cikin rijiyoyi, babu abin da iyaye ke tsoro kamar amai da gudawa. A shekarar 2021 kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa.

To, me ke faruwa a cikin hanjin mai kwalara? Bangon hanji an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace da tantanin da ya kewaye ta. Tantanin nan kamar ganuwar Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, yake a zamanin da: babu shiga, babu fita, sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da irin wanda take bari ya wuce.

A tantanin nan akwai famfon da ke fitar da sodiyam uku daga ƙwayar, ya shigo da fotasiyam biyu. Ɗan ƙasar Denmak Jens Skou ne ya gano shi a 1957. Ƙarfin da ke juya shi daga ATP yake zuwa, ɗaya daga cikin sinadaran nukiliyotaid, dangin waɗanda aka ƙera DNA da su. Dafin kwalara yana sa ƙwayar ta yi ta mayar da ATP wani ɗan saƙo da ake kira cAMP. Da ya yi yawa, sai ƙofar kuloraid ta wangale ta ƙi rufuwa. Gishirin jiki ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi. Kafin gari ya waye idanun yaro sun zurma, maɗigar jariri ta lotsa, in an mintsini fata ba ta komawa da wuri.

Amma akwai ƙofar da dafin bai lalata ba. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa sodiyam da sukarin gulukos tare suke shiga ta wannan ƙofa, ba ta karɓar ɗaya sai da ɗan'uwansa. Suna shiga, ruwa ya biyo su ya koma jini. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis, sai ya koma shayar da marasa lafiya ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Don haka, iyaye mata, awo shi ne magani. Ƙunshin garin gishiri da sukari na ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa. Sukari in ya yi yawa, ƙara gudawar yake yi. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan; in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, kuma kada a daina ba shi nono. Wanda ya kasa sha ko ya galabaita, a garzaya da shi asibiti, ana tafe ana ba shi kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiyewa.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.