Wa Ya Yi Kisan, Wa Kuma Ya Ba da Labarin?

A Kafanchan, kamar sauran garuruwanmu, littafi ɗaya yakan ratsa hannu da yawa kafin ya mutu. Ɗalibar kwalejin ilimi ta Gidan Waya ta aro shi, ta miƙa wa ƙawarta, ƙawar ta kai gida yayanta ya ɗauke, can sai a tsince shi a ofishin malaman wata sakandare, bango ya yage an liƙe da salatif. Zuwan waya bai sauya wannan ɗabi'a ba, sai dai yanzu ta WhatsApp ake tura littafin. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama karatun. Ka tambayi mutum, "Malam, yaya ka ga littafin nan?" Sai ya ce, "Kai, ya yi daɗi!" ko kuma, "Ni dai bai yi min ba." Shi ke nan, an rufe magana. Mutum ya hana idonsa barci har asuba, amma abin da zai iya ba ka bai wuce kalma uku ba.

Ra'ayin mai karatu yana yin nauyi ne idan ya zo da dalilinsa. Akwai kuwa wani nau'in ƙagaggen labari da ke tilasta wa mutum kawo dalili ko bai so ba, wato labarin bincike da aka dasa a cikin tarihi. Fasalinsa sananne ne. An aikata laifi, galibi kisa ko sata, a wani zamani da ya shuɗe, ga kuma wani mai kaifin basira yana bin sawu. Babu zanen yatsu, babu kyamara, babu gwajin jini, sai ido da kunne da sanin halin ɗan Adam. Marubucin yana ɗauke da kaya biyu: ya ɓoye mai laifi har shafukan ƙarshe, ya kuma gina zamanin nan yadda mai karatu zai yarda cewa haka mutanensa suka ci, suka sha, suka yi shari'a.

Umberto Eco, ɗan Italiya, ya fitar da The Name of the Rose a 1980. Labarin yana faruwa a 1327, a wani gidan 'yan zuhudun Kirista, inda ake ta tsintar gawa bayan gawa, kuma duk sawun yana komawa ga ɗakin littattafan da aka hana mutane shiga. Orhan Pamuk na Turkiyya, wanda ya ci kyautar Nobel a 2006, ya rubuta My Name Is Red a 1998. Shi a Istanbul ya kafa nasa, shekarar 1591, cikin masu ƙawata littattafan fada da zane. Gawa ce ma ke buɗe labarin, tana magana daga ƙasan rijiyar da aka jefa ta. Kisan yana da alaƙa da wata gardama da mai karatun Hausa zai gane nan take: ina iyakar halaccin zana hoto, kuma me zai faru idan masu zanen Musulmi suka kwaikwayi salon Turawa?

Irin waɗannan littattafai suna da ladabin tattaunawa. Wanda ya riga ka gamawa ya faɗa maka sunan mai kisan, tamkar ya tsame naman miya ne ya miƙo maka kwanon. Shi ya sa za ka ji yarinya tana roƙon yayarta, "Yaya, don Allah kar ki faɗa min ƙarshen, saura babi biyu." Amma idan kowa ya gama, tambayar da ta fi kawo hira mai armashi ita ce ko marubucin ya yi mana adalci. Ya ajiye alamomin a gabanmu muka kasa gani, ko kuwa sai a babin ƙarshe ya jawo wani baƙo daga sama ya ɗora masa laifin? Na farkon gwaninta ce, na biyun ha'inci ne, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya kira shi da sunansa. Wanda ya iya komawa baya ya ce "ga inda ya nuna mana wuƙar, mu ne ba mu lura ba" ya fi mai cewa "ya yi daɗi" amfani ga abokan karatunsa nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan muhimmanci, ita ce kuma ake yawan tsallakewa: wanne ne ya faru da gaske, wanne marubuci ya ƙaga? A 1951 wata marubuciya a Birtaniya, Josephine Tey, ta fitar da The Daughter of Time. Wani ɗan sanda ne kwance a gadon asibiti, zaman banza ya ishe shi, sai ya shiga binciken ko da gaske Sarki Richard na Uku ne ya kashe 'ya'yan ɗan'uwansa biyu da suka ɓace a 1483. Ɗan sandan ya wanke sarkin tas. Littafin ya yi daɗin da mutane da yawa suka ɗauki hukuncinsa a matsayin gaskiyar tarihi, alhali masana har gobe ba su daina gardama a kai ba, ko bayan da aka tono ƙasusuwan Richard a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Leicester a 2012. Mai ƙagaggen labari shi ne ɗan sanda, shi ne lauya, shi ne alƙali, shi ke zaɓar shaidun da za su yi magana. Wanda bai so ba, ba zai kira shi kotu ba.

A Ingila wannan gardama ce ta shan shayi. A kudancin Kaduna kuwa tarihi ba abin wasa ba ne. An kafa masarautar Jama'a wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927. Fadar sarki ta dawo garin a 1933. Kowa ya yarda da waɗannan shekaru. Abin da ya faru a tsakaninsu ne kowane gida ke da nasa zaren. Yadda ake ba da labarin a unguwar fada daban, yadda tsofaffin Fantswam ko Bajju ko Atyap ko mutanen dutsen Kagoro ke ba da shi daban. Kuma mun ga rikicin da ya biyo baya a Kafanchan a watan Maris na 1987, da Zangon Kataf a 1992. A irin wannan ƙasa, mutumin da zai miƙe a majalisa ya ce "ai na karanta a littafi" yana nufin ƙagaggen labari, wuta yake ɗauke da ita a aljihu bai sani ba. Idan marubuci ya zuba duk miyagun labarinsa a ƙabila ɗaya ko addini ɗaya, aikin masu karatu ne su tsaya a kan wannan, ko da kuwa nasu mutanen ne aka wanke. Musamman ma idan nasu ne, don nan ne ido ya fi saurin rufewa.

Garin yana da ɗansa da za a iya gwada wannan karatu a kan aikinsa. An haifi Biyi Bandele a Kafanchan a 1967, iyayensa Yarabawa ne, irin baƙin da garin layin dogo ya tara daga ko'ina. Ya rasu a Legas a 2022. Mutane da yawa sun san shi da fim ɗin Half of a Yellow Sun na 2013, amma littafinsa Burma Boy na 2007 shi ya fi kusa da mu. Mahaifinsa yana cikin sojojin Nijeriya da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Littafin na yaƙi ne, babu ɗan sanda a ciki, amma darasin raba gaskiya da ƙage yana nan a fili. Janar Orde Wingate da ke cikin littafin mutum ne na gaske, ya kuma mutu a haɗarin jirgin sama a 1944. Sansanin da ake kira White City an yi shi, sojojin Nijeriya sun tsare shi da jininsu. Ali Banana kuwa, yaron maƙerin da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, Bandele ne ya ƙirƙire shi. Wanda ya san wannan rabe-raben ba ya rasa daɗin labarin. Ƙara gane hikimar marubucin yake yi, ya ga inda ya jingina da takarda da inda ya saki linzami. Kuma da wuya a zauna a tattauna littafin nan a ƙasar Jaba ko Kagoro ko Zonkwa a rasa wanda kakansa ya je Bama, wanda zai ce, "Mu a gidanmu ga yadda Baba ya faɗa."

A Hausa, tarihi da ƙagaggen labari tare suka taso. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai bin rayuwar yaron da aka sace zamanin cinikin bayi, da Ganɗoki na Bello Kagara, mai taɓo yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Labarin laifi ya zo daga baya, da irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, duka a 1982. Haɗa hanyoyin biyu ne bai yawaita ba, kuma kasuwar littattafan Kano soyayya ta fi rinjaya a cikinta. Ga masu karatu kuwa a shirye. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha a kudancin Kaduna, kuma karatunta ya shigo ta ƙofa fiye da ɗaya: wasu ta makarantar boko da ta allo, wasu ta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala tun 1932. Ba kowane yanki ke da masu karatu na addinai biyu da ƙabilu da dama a harshe ɗaya ba.

Kayan labarin ma ba sai an je nesa ba, yana ƙarƙashin gonakin citta. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Aka ajiye shi, aka manta. Wajen 1943 aka sake tono wani kan, wannan karon na mutum, a ramin kuza kusa da Jama'a. Ma'aikacin da ya same shi bai ga wata daraja a jikinsa ba, sai ya kafa shi a kan sanda a gonar doyarsa don ya tsorata masu ɓarna. Daga gonar ne kan ya kai hannun wani Bature, Bernard Fagg, a Jos. Fagg ya dubi idanun nan masu kusurwa uku da aka huda tsakiyarsu, ya kwatanta da na 1928, ya gane hannun al'umma ɗaya ne. Aikin ɗan sandan ciki ke nan, ba ragi ba ƙari: shaida biyu, shekara goma sha biyar a tsakani, da mutum ɗaya da ya lura.

Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi ta haƙa a wajen Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko. Sun kai farkon mutanen Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun gano suna noman gero da wake, suna cin atili, kuma a 2021 aka bayyana cewa an samu ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu. Amma kusan duk mutum-mutumin da aka tono a kakkarye yake, wasu a tattare cikin rami kamar da gangan aka binne su. Ƙasar wurin kuma tana cinye ƙashi, don haka babu gawar da za a tambaya. Wa ya karya su, kuma don me? Da wane harshe suka yi magana? Me ya sa suka daina? Duk marubucin da ya ɗauki wannan zai ƙaga amsa ne, kuma ba laifi ya ƙaga. Laifin sai ranar da mai karatu ya fito yana rantsuwa cewa an tabbatar kakanninsa ne suka sassaƙa su, hujjarsa kuwa labarin da ya karanta.

Akwai ma laifi na gaske a cikin zancen, mai shaidu da takardu. A shekarun 1990 aka yi wa wuraren Nok wawaso, aka bar ramuka birjik a daji, dillalai suka yi ta fitar da kayan zuwa Turai. A 2000 aka baje biyu daga ciki a gidan tarihi na Louvre a Faransa, aka yi ta ka-ce-na-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Wanda zai mai da wannan labarin bincike, dole ya zaɓi inda zai nuna da yatsa a babin ƙarshe: manomin da ya shiga rami da rani don ya samu na taki, ko dillalin da ya saya a banza ya sayar da tsada, ko jami'in da ya kau da kai a kan iyaka, ko mai kuɗin da ya jera su a falonsa a Turai. Malamin makaranta a Kwoi ta ƙasar Jaba, wanda wataƙila ya san wasu daga cikin masu haƙar da fuska, ba lalle ya yarda da zaɓin da marubuci zai yi daga Kano ko Landan ba.