Kwaɗon Kiwo: Motsinsa da Bukatarsa ta Abokin Zama

A wurin Bahaushe kwaɗo abin damina ne, wanda ake jin kukansa a bakin kududdufi, sai kuwa burduddugi da wasu ke ci. Amma a Turai da Amurka akwai masu kiwon kwaɗi cikin akwatin gilashi a tsakar ɗaki, kamar yadda ake kiwon tantabaru. Abin da ya fi damun masu wannan kiwo shi ne ko kwaɗo yana jin kaɗaici. Amsar ta danganta ga irin kwaɗon, kuma kuskure a nan yakan jawo asarar rai.

Kwaɗo ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar akuya ko kaza. Zafin wurin da yake zaune shi ke tafiyar da kuzarinsa. Yawancin kwaɗi kuma da dare suke kiwo. Saboda haka wanda ya ga kwaɗonsa ya wuni bai motsa ba kada ya ce kewa ce ta kama shi. Akwai wani mai faɗin baki da masana ke kira Ceratophrys, ɗan asalin Amurka ta Kudu, wanda yakan binne jikinsa cikin ƙasa ya bar idanu waje, ya yi kwanaki yana dakon abin da zai gifta. Duk abin da ya gifta kuwa abinci ne, har da ɗan'uwansa. Irin wannan shi kaɗai ake ajiyewa.

Akasinsa shi ne ɗan mitsitsin kwaɗon ruwa, Hymenochirus, na dazuzzukan Kamaru da Kwango, wanda tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Wannan ba ya barin ruwa, sai dai ya taso sama ya shaƙi iska ya koma. Yana da yawan kai da kawowa, kuma yana zama lafiya da 'yan'uwansa uku ko huɗu. To, amma fa a nan ne masu saye ke yin asara, domin yana kama ƙwarai da ƙaramin Xenopus na kudancin Afirka, wanda likitoci suka yi amfani da shi wajen gwajin ciki daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Macen Xenopus takan kai santimita 12, ta haɗiye ƙananan da aka haɗa ta da su. Bambancin yana ga ƙafafun gaba: na ɗan mitsitsin suna da fata tsakanin yatsu, na Xenopus ba su da ita.

Game da mutum kuwa, kwaɗo ba ya bukatar shafa irin ta kyanwa. Da fatarsa yake shan ruwa, har ma yana numfashi da ita, watau sabulu ko man shafawa ko gumin da ke hannun mai shi duk suna iya ratsa jikinsa su cuce shi. In ɗaukarsa ta zama dole, sai a wanke hannu da ruwa zalla, a ɗauke shi da jiƙaƙƙen hannu, a kuma sake wankewa da sabulu bayan an ajiye shi.